Zambomba: Bikin Waƙar Unguwa Da Ya Kusa Mutuwa A Ƙasar Sifen

A kudancin ƙasar Sifen, cikin nahiyar Turai, akwai wani yanki da ake kira Andalus. Almajiran ilimi sun san wannan suna, don kuwa Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna mulki a can. A cikin yankin akwai wani gari mai suna Jerez, masu garin kuwa Heres suke furta shi. A zamanin Musulmi Sharish ake ce masa, har zuwa 1264 lokacin da Sarki Alfonso na 10 ya ci shi da yaƙi. A yau mutanen garin sun haura dubu 200, kuma galibinsu Kiristoci ne.

Kowace shekara, daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa daren 24 ga Disamba, watau jajiberen Kirsimeti, unguwannin garin nan sukan cika da kiɗa da waƙa. Lokacin hunturunsu ke nan. Sanyinsu ba irin na ƙasar Hausa ba ne mai hazo da ƙura, nasu da ruwan sama yake zuwa. Sai maƙwabta su hura wuta a tsakar gida ko a dandali, su kewaye ta suna jin ɗumi suna waƙa. Wannan taro shi ake kira zambomba.

Mene ne zambomba?

Asalin sunan na wani abin kiɗa ne, daga baya taron ma ya ci sunan. Haɗa shi ba wuya. Ana samun babban tulu na yumɓu, a rufe bakinsa da fata ko ƙyalle mai ƙarfi, a ɗaure tamau. A tsakiyar fatar akan ɗaura wani dogon kara mai santsi, irin na kyauro, ya tsaya a miƙe. Makaɗi ba ya dukan fatar. Jiƙa hannunsa yake yi da ruwa, ya riƙa shafar karan sama da ƙasa. Motsin karan shi ke girgiza fatar, cikin tulun kuma ya ƙara wa sautin kauri, sai a ji wani gurnani yana fita. Shi ya sa kullum akan ajiye ruwa kusa da makaɗin, don in hannu ya bushe kiɗa ya tsaya.

Sauran kayan kiɗan yawanci na madafi ne. Akwai ɗan turmin tagulla na dakan kayan ƙamshi, ana ƙwanƙwasa shi da taɓaryarsa. Akwai kwalba mai gargada a jiki, ana goga mata cokali. Akwai ɗan ƙaramin bandiri mai kacau-kacau, sa'an nan ga tafi. Ke nan talaka ba ya bukatar sayen kome kafin ya shiga.

Yadda abin ya samo asali

Masana tarihin garin suna kai asalin bikin zuwa ƙarni na 18. A wancan zamani, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, talakawan Jerez a manyan gidajen haya suke zaune. Gida ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa, kowane iyali da ɗaki ɗaya ko biyu, amma tsakar gida ɗaya ce, madafi ma sau da yawa ɗaya ne. Da yawa daga magidantan leburori ne a gonakin inabi da rumbunan giyar inabi, wadda garin ya yi suna da ita.

In Kirsimeti ya gabato, matan gidan sukan haɗu su yi suyar biki tare. Wannan ta kawo gari, waccan ta kawo mai, wata ta kawo zuma. Babban abin da suke soyawa shi ne pestinyo, wani kwaɓin garin alkama da ake soyawa a tsoma cikin zuma, ya yi kama da alkaki. Suna aiki suna waƙa. Maza da yara su matso kusa da wuta, a miƙa abin taɓawa, manya kuma su kurɓi giyarsu bisa al'adarsu. Haka za a kai tsakar dare.

Waƙoƙin iri-iri ne. Wasu na addininsu ne, suna ba da labarin haihuwar Annabi Isa da wahalar da Maryamu ta sha a kan hanya, kamar yadda Kiristoci suka ɗauka. Wasu tsofaffin labarai ne na sarakuna da masoya da aka mai da waƙa, an gaje su kaka da kakanni. Wasu kuwa na barkwanci ne da zolaya tsakanin maza da mata. Mutum ɗaya ya ba da waƙa, kowa ya yi amshi. Ba dandamali, ba tauraro, ba ɗan kallo. Duk wanda ya shigo da'irar ya zama mawaƙi. Tsofaffin mata su ne ma'ajiyar waƙoƙin, yara kuma a bakinsu suke ɗauka.

Unguwanni biyu sun fi shahara a wannan fage, Santiyago da San Migel. A nan ne iyalan Gitano da yawa suke zaune, wata al'umma da kakanninta suka iso Sifen a ƙarni na 15. Daga cikinsu aka sami manyan mawaƙan filamenko, kiɗan Andalus na jita da tafi da rawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2010. Wani gari na kusa, Arkos, shi ma yana da tasa zambombar.

Abin da ya kusa kashe shi

Ba wanda ya hana bikin, ba kuma wanda ya ce ya gaji da shi. Canjin muhalli ne ya kusa kai shi kushewa. A shekarun 1960 da 1970 aka gina dogayen benaye a bayan gari, iyalai suka yi ta tashi daga tsofaffin gidajen suna komawa can. Ci gaba ne, don kowa ya sami ruwan famfo da makewayi da madafi nasa na kansa. Amma tsakar gida ta tafi. Ba inda za a hura wuta a bene, maƙwabtan shekara 30 kuma an rarraba su. Ga talabijin ta shigo, kowa ya rufe ƙofarsa. Tsohuwar da ta san waƙa ɗari ta rasa masu yi mata amshi, jikokinta kuma suka tashi ba su iya ba.

Yadda aka ceto shi

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Wasu masu kishin garin sun lura cewa in tsofaffin nan suka ƙare, waƙoƙin sun ƙare ke nan. Sai aka bi su aka karɓi waƙoƙin daga bakinsu, aka rubuta. A 1982 bankin ajiya na garin ya ɗauki nauyin fitar da faifai na farko a wani jeri mai suna Así canta nuestra tierra en Navidad, ma'anarsa yadda ƙasarmu take waƙa a lokacin Kirsimeti. Wani gwanin makaɗin jita, Parrilla de Jerez, shi ya tsara kiɗan. Aka ci gaba da fitar da sabon faifai shekara bayan shekara, har fiye da shekara 20.

Faifan nan sun shiga gidaje, matasa suka koyi abin da ba su samu a tsakar gida ba. Ƙungiyoyin filamenko da ƙungiyoyin coci suka fara shirya zambomba a zaurukansu da dandalin unguwa. A watan Disamba na 2015 gwamnatin Andalus ta sa zambombar Jerez da ta Arkos cikin kayan gadon da doka ta ba kariya.

Sabuwar damuwa

Sai dai abin da ya dawo bai zama daidai da wanda ya tafi ba. Faifan sun shigo da jita da salon filamenko sosai, har wasu matasa suka ɗauka haka abin yake tun asali. Dogayen waƙoƙin labari, masu wuyar haddacewa, ba a cika jin su ba. Ban da haka, bikin ya zama hanyar samun kuɗi. Baƙi suna tururuwa daga garuruwa, masaukai suna cika, ƙungiyoyi suna sayar da abinci da abin sha don su tara abin gudanar da ayyukansu. Hukumar gari kan fitar da sanarwa kowace shekara ta tsayar da ranaku da sa'o'in da aka yarda a yi shi a titi, saboda cunkoso da hayaniya.

A wurare da yawa yanzu ƙwararrun mawaƙa ake ɗauka, su hau dandamali da lasifika, jama'a su tsaya suna kallo. Dattawan garin suna cewa wannan wasa ne kawai, ba zambomba ba. A ganinsu, in ba da'ira, ba wuta, ba amshin kowa da kowa, to, an riƙe suna an saki abin. Shi ya sa wasu iyalai da ƙungiyoyi har yanzu suke yin tasu ƙarama, ba lasifika, tulu a tsakiya.

Abin lura

Labarin nan ya nuna cewa waƙar jama'a tana rayuwa ne a inda jama'a suke haɗuwa su yi aiki tare. In wurin ya tafi, ita ma sai ta bi shi. A ƙasar Hausa an ga irin haka. Injin niƙa ya zo, waƙar niƙa ta yi ƙaranci. Siminti ya zo, waƙar daɓe ta ja baya. Ba mai cewa a koma wahalar dutsen niƙa, amma waƙoƙin suna nan a bakin tsofaffin mata a ƙauyuka, kuma kullum raguwa suke yi.

Mutanen Jerez sun tsira da nasu ne don sun rubuta tun masu abin suna da rai. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana da abin da ake bukata: littafin rubutu, da fensir, da kaka a cikin gida. Ya zauna kusa da ita a daren sanyin nan, ya ce ta rera, shi kuma ya rubuta, ya sa sunanta da sunan garinsu da shekara. Allah ya ba da iko.