Girki a Waya: Me Ke Sa Mata Su Dawo Kallon Tasharki?



Wata ranar Asabar bayan mun tashi daga ajin matan aure, na lura ɗaya daga cikin ɗalibaina tana ta jan ƙafa har sauran suka watse. Mace ce mai 'ya'ya huɗu, ta girme ni da 'yan shekaru, maigidanta tela ne, ita kuwa duk unguwarmu a nan Kano an san ta da waina da alkaki, ba a biki ko suna ba a nemi hannunta ba. Ta matso kusa ta ce, "Malama, fatawa ce da ni, amma ba ta tsarki ba ce, ba kuma ta gado ba."

Bayanin da ta yi mini shi ne, tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023 ɗinki ya ja baya a shagon maigidan, sai babbar 'yarta ta buɗe mata tashar girki a YouTube da fatan a samu abin rage wata buƙatar. An yi wata takwas ana ɗora bidiyo, mabiya ba su cika ɗari ba, su ma rabinsu dangi ne da surukai. To sai wani yaro mai gyaran waya ya ce ta ba shi kuɗi, cikin kwana biyu zai kawo mata mabiya dubu. Kuɗin adashenta take shirin ɗauka ta ba shi. Shin ya halatta?

Na ce mata a babin ciniki malaman fiƙihu suna da abin da suke kira najashi, wato mutum ya zo yana taya kaya alhali ba saye zai yi ba, don kawai mai saye na gaskiya ya ga kamar ana rububi. An hana shi saboda yaudara ce. Mabiyan da aka saya 'yan taya ne irin waɗannan, domin duk wadda ta ga dubu a rubuce za ta ɗauka mutane dubu ne suka gwada girkin suka yaba. Ko ta fuskar duniya ma asara ce, don YouTube kan share irin waɗannan mabiya, wani lokacin ta hukunta tashar, kuma waɗanda suka tsira ba kallo suke yi ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Malama, ya zan yi? Wallahi wainata ba ta da na biyu." Na san gaskiya ta faɗa, na sha ci. Na ce ta turo mini bidiyon in gani.

Ban tsaya a kallo ba, gwadawa na yi. Na jiƙa shinkafar tuwo gwangwani huɗu, na bi ta daki-daki. Da ta zo kan yis ta ce "ki zuba daidai misali", na zuba nawa misalin. Da ta zo kan ruwan kanwa ta ce "ɗan kaɗan". Ta ce a rufe ƙullin "sai ya tashi", ni kuwa na bar shi ya kwana, ga shi ana tsakiyar zafi. Da safe abin da na kwashe daga tanda ba ya faɗuwa: tsami kamar an matse tsamiya a ciki, ga kamu, ga ciki ɗanye. Maigida ya ci biyu don kara, yaran kuwa ko kara ba su yi mini ba, shayi da burodi suka nema.

A nan na gane ciwon tashar. Mai kallon fim in bai yi mata daɗi ba lokacinta kawai ta ɓata. Mai kallon girki kuwa shinkafarta za ta jiƙa, manta za ta zuba, gawayinta ko gas ɗinta za ta ƙona, sannan ta ajiye kwanon a gaban mijinta. In abin ya lalace ba za ta rubuto ta yi ƙorafi ba, tafiya kawai za ta yi. In ya yi kyau kuwa, ita ce za ta tura wa ƙanwarta da ke shirin aure da kishiyarta in suna ɗasawa. Ɗalibata shekara ashirin tana waina, hannunta ya haddace awon, har ta manta cewa hannun wata bai haddace ba. Mu malamai mun san wannan cutar, a Kwalejin Ilimi an sha ja mana kunne cewa wanda ya fi sanin darasi shi ya fi tsallake matakin da ɗalibi ke tuntuɓe a kai.

Don haka aikin farko da muka yi ba na waya ba ne. Na je gidanta da littafi da biro, duk abin da hannunta ya ɗebo sai na tsayar da ita mun juye a ma'auni kafin ya shiga roba. Gwangwani, wane gwangwani? Na madarar ruwa ko na tumatir? Cokali, na shayi ko na cin abinci, a shafe ko a tule? Muka yi ta gardama tana dariya tana cewa na mai da kicin aji. Muka kuma soke awo da kuɗi baki ɗaya. "Attaruhu na ɗari biyu" ba awo ba ne, don na ɗari biyun bara ba shi ne na bana ba, kuma 'yar uwarmu da ke kallo daga Maraɗi ko Damagaram da sefa take cefane. A ƙirga a ce guda biyar, magana ta ƙare. Sai batun tashin ƙulli, wanda shi ya kayar da ni: a zafin watan Afrilu 'yan awoyi sun ishe shi, a hunturu kuwa yana iya kwana bai gama ba. Yanzu tana faɗin wannan a fili, ta kuma kai wayar bakin robar a ga kumfar da ke nuna ya tashi, ta ɗaga ludayi a ga kaurin yadda yake zuba. Har wainar da ta kama tanda takan nuna ta faɗi dalili, kuma abin mamaki wannan wurin mata suka fi yi mata godiya a kai.

Na biyu shi ne buɗewa. Bidiyonta na da yakan fara da gaisuwa ta kusan minti uku: masu kallo na gida da na waje, iyaye, malamai, wance da ta yi sharhi jiya. A cikin manhajar YouTube Studio akwai wani zane da ke nuna wa mai tasha daidai inda mutane ke barin kallo, da 'yarta ta buɗe mana sai ga layin ya gangara tun ba a ga shinkafa ba. Ba laifinsu ba ne. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, kuma da yawa daga masu kallon nan daga canjin cefane suke sayen data. Sallama ba a barinta, amma numfashi ɗaya ta isa. Daga nan a nuna wainar da aka gama, a ɓare ta a ga cikinta, a faɗi kayan haɗi, a shiga aiki. Gaishe-gaishe a kai su ƙarshe.

Kayan ɗauka ba su ci mana kuɗi ba. Ta daina ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ta koma tsakar gida da hantsi, a inuwa, inda launin abinci ke fita yadda yake. Sanda mai ƙafa uku ta riƙe waya kawai ta saya. Murya kuma sai dare, in yara sun yi barci janareton maƙwabta ya mutu, take ɗora ta a kan hoton. Kiɗa ba ma sawa, kuma ko wadda ba ta damu da hukuncinsa ba ta sani cewa in ta sa waƙar wani, na'urar YouTube na gane ta, kuɗin tallar bidiyon yana iya komawa ga mai waƙar.

Wasu sun ce mata sai ta nuna fuska tashar za ta tashi. Ni ban yarda ba, kuma lokaci ya gaskata ni, don mai neman yadda ake alkaki hannu da tukunya take son gani. Sharaɗin da maigidanta ya gindaya tun farko shi ne ba fuska, ba yara, ba cikin ɗaki. Na ƙara mata da ƙofar gida, lambar babur da bajen makarantar yara da kan faɗo cikin hoto daga igiyar shanya. Abin da ya shiga intanet ba ya da tabbacin fita, kuma ba duk mai kallo ne girki ya kawo shi ba.

Sai suna. Da takan rubuta "Girkinmu na yau kashi na 14". Wa zai je wurin bincike ya rubuta haka? Matar da baƙi za su zo mata gobe abin da za ta rubuta shi ne "yadda ake waina mai laushi" ko "me ke sa ɗanwake ya narke". Wannan shi ne sunan bidiyo. A haɗa da sunan da wasu garuruwa ke kira, mu a Kano waina muke cewa, a Bauchi da Jos masa ce, kowanne a sa shi. Haka nan mafi yawan mutane ba sa rubuta haruffa masu lanƙwasa a waya, kosai suke bugawa ba ƙosai ba, don haka a bayanin da ke ƙasa a rubuta duka biyun. Ni da nake jan jan biro a kan wannan kuskure a aji, a nan dole na haɗiye.

Abin da ya fi ɗaga tashar, a ganina, shi ne bin kalandar gidajenmu. Uwargida tun a Sha'aban take tunanin buɗa-baki, ba ranar da aka ga wata ba, saboda haka kunun gyaɗa, kunun tsamiya, ƙosai da alale su riga azumi shiga da mako biyu. Dublan, cincin da nakiya su shigo tun tsakiyar azumi, kafin goman ƙarshe ta ɗauke hankalin mutane zuwa ibada da ɗinkin yara. Kafin babbar salla a yi dambun nama da yadda ake soya naman layya ya daɗe ba tare da firji ba, wanda a ƙasar da wuta ba ta tsayawa ba ƙaramar buƙata ba ce. In an koma makaranta a watan Satumba, abin sawa a kwanon yara. Ranar ɗorawa kuma ɗaya ce a mako, ba ta saɓawa, kamar yadda muka saba jiran shirin Akushi da Rufi a Arewa24.

Masu kallo na farko ba daga sama suke faɗowa ba, a cikin wayarki suke. Takan yanko daƙiƙa talatin mafi jan rai, lokacin da ake juya waina tana ƙamshi a ido, ta sa a sitatus na WhatsApp tare da adireshin cikakken bidiyon, ta sa irinsa a Facebook. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, don haka ba ya gundurar kowa, saɓanin mai cika zauren dangi da tura abu ɗaya sau biyar. A zauren ajinmu na ba ta ranar Juma'a kaɗai, kuma na tsaya a kan haka. Duk wadda ta yi tambaya a ƙarƙashin bidiyo tana ba ta amsa kafin ta kwanta. Wata ta rubuto daga Ingila cewa ba ta samun kanwa, me za ta sa? Wannan tambaya ita ta zama bidiyon mako na gaba, kuma daga lokacin ba ta ƙara rasa abin da za ta dafa ba, masu kallo ke zaɓa mata.

Batun kuɗi kuwa gara a faɗi gaskiya, don kada wata ta sayar da ɗan kunnenta ta sayi waya. Tun shekarar 2018 YouTube ta sa sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin tasha mai dogayen bidiyo ta fara samun rabon kuɗin talla. Ki lissafa: in bidiyonki na minti takwas ne, sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 30,000 kafin awoyin su cika. Bayan nan kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar ne naki, ba a kuma turo shi sai ya taru ya kai dala 100, sannan tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta kai darajar ta mai kallo a Amurka ba. Abin da ya fara shigo wa ɗalibata ba dala ba ce, oda ce: alkakin gara, wainar suna, cincin ɗin salla, daga matan da suka ga tsaftar hannunta a waya. Abincin da take ɗauka kuma shi ne na gidan a ranar, ba a dafa wani don hoto a zubar.

Da mabiya suka fara taruwa sai ga wata jarrabawar. Wata mai sayar da haɗin mata ta yi mata tayin kuɗi mai kauri a kan ta yabi kayanta a tsakiyar girki. Ta sake tsayawa bayan aji. Na tambaye ta, kin taɓa amfani da shi? Ta ce a'a. Yana da lambar NAFDAC? Ta duba hoton kwalbar, babu. Ban ƙara komai ba, ita da kanta ta ce, "Matan nan da suka yarda da awon yis ɗina, in na ce su sha za su sha." Ta mayar da tayin, alhali a makon kuɗin makarantar yara biyu na jiranta.

Ta haura mabiya dubu bayan fiye da shekara guda, awoyin kuwa har yanzu da saura, 'yarta ce ke duba su kowace safiya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ni ma na koma kan sabon bidiyon wainar, na jiƙa gwangwani huɗu na madarar ruwa, na auna yis da cokalin shayi a shafe, na tsaya a kan kumfa maimakon agogo. Da na kai wa maigida ya ɓare ɗaya ya duba cikinta, ya ɗago ya ce, "Wannan aiko mana aka yi ko?" Ban ba shi amsa ba, na ƙaro masa miyar taushe.