Me ke riƙe lifta in ta ƙwace? Labarin dogo da bangon kankare

In ka tambayi mutane me ke riƙe da lifta, kusan kowa igiya zai ce maka. Gaskiya ne, igiyoyin ƙarfe ne ke ɗaga ɗakin su sauke shi. Amma ranar da lifta ta ƙwace ta fara gangarowa da gudun da ya wuce ƙa'ida, ba igiya ake dogaro da ita ba. Wasu ƙarafa biyu ne da ke tsaye a cikin ramin liftar, ɗaya dama ɗaya hagu, tun daga ƙasa har ƙololuwar gini. Kamar layin dogo ne aka miƙar da shi tsaye, don haka mu kira su dogo.

Tun farko ma a kansu aka gina amanar lifta. A 1854, a wani bajekoli a birnin New York na Amurka, Elisha Otis ya hau kan wani dandamali aka ɗaga shi sama, sannan ya sa aka datse igiyar a gaban jama'a. Dandamalin ya ɗan zame ya tsaya cak, saboda wani ƙarfe mai tsalle ya buɗe ya cije haƙoran da aka jera a jikin dogayen gefe. Liftar yau ba ta da waɗannan haƙora, amma dabarar ba ta canja ba. Akwai na'urar lura da gudu, wadda makanikai ke ce wa gwamna. A ƙa'idar Turai ta EN 81, ba ta motsawa sai gudun ya kai aƙalla kashi 115 cikin ɗari na wanda aka tsara. Da ta motsa sai ta ja birkin gaggawa, shi kuma ya damƙi dogo ta gefe biyu har ɗakin ya tsaya.

To shi dogon me ke riƙe da shi?

Nauyin ba a bango yake sauka ba

Dogo ƙarfe ne mai siffar harafin T in ka leƙa shi ta baki. Yawanci tsawon mita 5 ake yin kowane guda, a riƙa ɗora wani kan wani, harshen wannan ya shige tsagar wancan, a ɗaure mahaɗar da faranti da notuna ta baya. Kowace mita biyu zuwa uku kuma akwai hannun ƙarfe da ke fitowa daga bango ya kama dogon. Ma'aikata biraket suke ce masa.

Mutum zai ɗauka waɗannan hannaye ne ke ɗauke da dogo, kamar yadda ƙusa ke ɗauke da hoto. Ba haka ba ne. Dogo a ƙasan ramin yake zaune, kuma can nauyi ke sauka. Ɗauki lifta mai cin mutum 13, wato kilo 1,000, a ce ɗakin kansa ma kilo 1,000 ne. Tan biyu ke nan. In birkin gaggawa irin mai kamawa sannu a hankali ya kama, injiniyoyi kan ninka nauyin sau biyu a lissafi saboda fizgar tsayawa. Tan huɗu, kowane dogo ya ɗauki biyu, ya miƙa su kai tsaye zuwa daɓen ramin.

Aikin hannayen shi ne su hana dogon lanƙwashewa. Samu tsinken tsintsiya dogo ka tsayar da shi ka danna ta sama: ba murƙushewa yake yi ba, gefe yake gocewa ya karye. Riƙe tsakiyarsa da yatsu biyu ka sake dannawa, za ka ji ya yi taurin kai. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan tun a 1744: in tazarar da ke tsakanin maɗafa biyu ta ninka, nauyin da siririn sanda zai iya ɗauka kafin ya goce yakan koma kashi ɗaya bisa huɗu. Ka ga ke nan hannu ɗaya tak in ya saki bango, tazarar wurin ta ninka, kuma ba rabin ƙarfin aka rasa ba, ya fi haka.

Akwai kuma turin gefe na yau da kullum. Mutane sun taru a kusurwa ɗaya, ko an turo amalanken kaya ta bakin ƙofa, ɗakin ya nemi karkata, sai tayoyinsa ko takalmansa su tokari dogo. EN 81 ta ce dogon da birkin gaggawa ke kamawa kada ya goce fiye da milimita 5. Nan ma tazara ce komai, domin gocewar tana ƙaruwa sau takwas in tazarar ta ninka. Kishiyar ɗakin, wato tulin ƙarfen nan da ke sauka in ɗakin na hawa, ita ma da nata dogayen. A girgizar ƙasar San Fernando ta 1971 a jihar Kalifoniya, ɗaruruwan irin waɗannan kishiyoyi sun fice daga dogayensu, wasu suka riƙa lilo suna dukan ɗakunan. Bayan nan ne aka tsananta ƙa'idar hannaye a yankunan girgizar ƙasa.

A riƙe shi gam, a kuma bar shi ya zame

Nan ne abin ya fi ban sha'awa. Ginin kankare ba ya zama a tsawon da aka zuba shi. Yayin da ruwan cikinsa ke bushewa yana tsukewa, kuma nauyin benayen sama yana ci gaba da danne na ƙasa a hankali, shekara da shekaru. Tsukewar bushewa kaɗai takan kai wajen sulusi zuwa rabin milimita a kowace mita. Kamar ba komai ba. Amma a gini mai tsawon mita 100, santimita uku zuwa biyar ke nan. Shi kuwa ƙarfen dogo bai san wannan zance ba, tsawonsa na nan. Zafi da sanyi ma sukan sa shi miƙewa ko tsukewa kafin kaurin bango ya ji a jikinsa: dogo mai mita 100 in zafinsa ya ƙaru da digiri 20, zai ƙara tsawon kusan milimita 24.

Yanzu a ce an yi wa dogo walda da hannayen, ko an huda shi an ɗaure da noti. Gini na saukowa, hannayen na jan dogo ƙasa, ƙasan ramin kuma ya tokare shi. Ba shi da wurin zuwa sai gefe. Sai ya yi ciki tsakanin hannu da hannu, lifta ta fara jijjiga, hannayen su karkace, abin da ke riƙe su a bango ya fara shan wahalar da ba a lissafa masa ba.

Maganin shi ne kilif. Wasu 'yan ƙarafa ne biyu da ke danne fikafikan dogon a jikin hannu, ba tare da an huda dogon ba. A dogayen gine-gine akan sa irin mai zamewa, wanda ke hana dogo motsi gaba, baya ko gefe, amma in bango ya sauko sai hannun ya silale a jikin dogon. Shi ya sa kuma ake barin 'yar tazara tsakanin kan dogo da rufin ramin. Makanikin da ya ga kilif ya ce bari ya ƙara tamke shi iya ƙarfinsa "don ya fi riƙewa", ɓarna ya yi, ba gyara ba. Kowane noti da iyakar ɗaurinsa, kuma da sifana mai ma'auni ake cika ta.

Inda ƙarfe ke haɗuwa da kankare

Hanya mafi tsafta ita ce a binne kwararon ƙarfe a cikin bango tun lokacin zuba kankare, daga baya a zura kan noti a ciki. Sai dai wannan na bukatar mai gini da kamfanin lifta su zauna tun kafin a kafa katako, abin da sau da yawa ba ya faruwa. Don haka aka fi huda bango a sa anka.

Anka mai buɗewa noti ne mai riga a gindi. Kana ɗaure shi, gindin na jawowa yana buɗe rigar, ita kuma tana tokare bangon hudar. In aka ja ta fiye da ƙima, ba lallai ƙarfen ne zai tsinke ba. Kankaren ne kan ɓalle, ya fito da siffar mazurari, faɗinsa ta kowane gefe kusan zurfin ankar sau ɗaya da rabi. Daga nan dokokin suka fito. In zurfi ya ninka, ƙarfin riƙon kan ƙaru kusan sau 2.8. In anka biyu sun matsu da juna, mazuraransu sun shiga juna, ba za su ba da ƙarfin biyu cikakku ba. In kuma an huda kusa da bakin bango, rabin mazurarin iska ce. Mai huda da ya ci karo da rodi ya tsaya a rabin zurfi, sannan ya yanke kan notin don kada a gane, ya bar wurin da kusan sulusin ƙarfinsa, kuma ido ba zai taɓa nuna maka ba.

Akwai kuma anka ta gam, inda ake cika hudar da wani sinadari mai daskarewa a tura ƙarfe mai zare. Tana da kyau, amma tana da sharaɗi: dole a goge hudar a hure ƙurar tas, in ba haka ba gam ɗin ƙura zai kama, ba kankare ba. Kuma ba kowane gam ke jure ja na dindindin ba. A ranar 10 ga Yulin 2006, allunan kankare masu nauyin kusan tan 26 suka rufto daga rufin wata hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa a birnin Boston, suka kashe wata mata a cikin mota. Bincike ya nuna gam ɗin da ke riƙe da ankar ne ya yi ta saki a hankali tsawon shekaru. Ba lifta ba ce, amma duk mai sa anka ta gam ya kamata ya san labarin.

Duk wannan lissafi fa a kan kankare mai ƙwari aka yi shi. A wajenmu, inda aka saba tayar da bango da bulo mai rami, nan matsala take. Anka mai buɗewa in ta shiga bulo, ko ta faɗa cikin rami ko ta farfasa siririn ɓawon. In dai da bulo za a kewaye ramin lifta, to sai an zuba ɗamarar kankare mai rodi, irin linta, daidai kowane wurin da hannu zai zauna, ko a gitta ƙarfe tsakanin ginshiƙai. Tsayin waɗannan wurare kuwa a zanen kamfanin lifta yake, ba a kan magini ba.

Saura daidaito. Bangon kankare kan kauce da santimita biyu ko uku daga bene zuwa bene, ba wanda zai ce an yi laifi. Dogo kuwa a milimita ake auna shi. Saboda haka ake yin hannun gida biyu masu dogayen hudoji, ɗaya a bango ɗaya a dogo, a ja ko a tura har a dace, ragowar a cike da siraran fallayen ƙarfe. Ma'aunin da ake bi waya ce siririya da ake sakowa daga saman ramin da nauyi a ƙarshenta, a tsoma nauyin cikin bokitin mai don ya daina lilo. Yanzu akwai hasken leza, har kamfanin Schindler ya ƙera mutum-mutumi mai hawa ramin da kansa, yana laluben inda rodi yake kafin ya huda ya sa anka. Duk da haka a yawancin wuraren aiki wayar nan da bokitin mai ne dai ake amfani da su, ana auna kowane hannu da ita kafin a ɗaure notinsa na ƙarshe.