Tawayar huhu da ake haihuwar yaro da ita

Akwai jariran da tun suna ciki wani sashe na huhunsu ba ya ginuwa daidai. Maimakon ƙananan hanyoyin iska su yi rassa yadda aka saba, sai wurin ya cure ya zama ƙulli mai ramuka, wasu manya, wasu ƙanana. Likitoci na kiran wannan tawaya CPAM a taƙaice. Ba kasafai ake samunta ba, kuma galibi sashe ɗaya na huhu ɗaya take kamawa.

Yawanci a sikanin ciki na mako 18 zuwa 22 ake fara ganinta, wato wajen wata na biyar. Abin takaici, mata da yawa sai ciki ya tsufa suke zuwa, wasu ma don jin mace ce ko namiji. Idan mai sikanin ya hangi ƙullin, zai auna girmansa ya kwatanta da kewayen kan ɗan tayin. Awon da ya haura 1.6 alamar haɗari ce, domin ƙullin na iya ture zuciya gefe har ruwa ya taru a jikin ɗan. A irin wannan hali akan yi wa uwa allurar betametason. Yawanci dai ƙullin kan daina girma wajen mako 28, wani har ya motse.

A nan ne mutane ke ruɗuwa. Za a haifi yaro lafiya lau, a ɗauki hoton ƙirji a ga babu komai, iyaye su ce ai abin ya wuce. Alhali hoton ƙirji na yau da kullum yakan kasa nuna shi. Siti-sikan ne, wanda ake yi da ruwan allura mai haska jijiyoyin jini, ke fito da iyakar ƙullin da jijiyar da ke shayar da shi, kuma da shi likitan tiyata ke yanke shawarar a cire sashen ko a ci gaba da sa ido. Akan yi siti-sikan ɗin cikin watannin farko bayan haihuwa.

Wanda ba a gano ba kuwa, yana iya girma yana fama da nimoniya a gefe ɗaya, ta tafi ta dawo, wani har a ɗora shi kan maganin tarin fuka.

Iyaye, ku adana takardar sikanin cikin, ku nuna wa likitan yara bayan haihuwa, ko da jaririn bai taɓa yin tari ba.