Tsohon moto ya ƙi tashi: duba mai da buji kafin a buɗe inji

A Gaya, da wuya mutum ya sayi motonsa na farko sabo. Galibi tsohon Kasea ne, ko Haojue, ko Boxer da ya sha hanyar Kamba, ko ya yi shekaru a hannun ɗan kabu-kabu. Ran da ya ƙi tashi sai mai shi ya tura shi garaji, kuma wani lokaci maganar farko da zai ji ita ce sai an buɗe inji. Sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba, kuma buɗe inji shi ne aiki mafi tsada.

A fara da mai, domin a nan garin shi ya fi kawo cikas. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ruwa-ruwa ya daina arahar da, amma har yanzu mai kwalba ya fi gidan mai kusa da mutane. Man da ya bi jarka bayan jarka yakan kwaso ƙasa da tsatsa, wani lokaci har da ruwa. Ga shi yankinmu na cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma murfin tankin da ya tsufa ba ya tare ruwan damina. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka ƙasan karbirato yake kwantawa. A nan ƙasan akwai wata ƴar ƙusa. Ka sassauta ta da turnabis, ka tari abin da ya zubo a kwalba mai haske. In ka ga ruwa ya kwanta a gindi, ka gano ɓarawon. In kuwa ko ɗigo bai zubo ba, duba famfon tanki, wataƙila man ya kai rizab ne kawai. Abin dariya ne, amma yana sa manya tura moto cikin rana.

Akwai wata alama da ke ruɗa mutane: moto ya yi tafiya kaɗan ya mutu, bayan ɗan hutu ya sake tashi. Buɗe murfin tanki nan take. In ka ji ya ja iska, ƴar ƙofar da tankin ke numfashi da ita ce ta toshe.

Sai buji. Kwance shi, ka mai da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin, ka buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙarfi ake so. Kada ka yi wannan kusa da man da ka zubar. Launin bakin bujin ma yana ba da labari. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Baƙi busasshe kamar kunkunniya na nufin mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, kuma bayan ƙurar hunturu yawanci matatar iska ce ta cika. In ta soso ce, a wanke ta, a bari ta bushe, a shafa mata ɗan man inji. Fari fat na nufin injin na zafi fiye da kima, kada ka ci gaba da hawa haka. Tazarar bakin buji a irin waɗannan injina kusan milimita 0,6 zuwa 0,7 ce. In ka sa sabo kuma babu wuta, laifin na waya ne, ko makulli, ko akwatin CDI.

Wurin da ɗan koyo ya kamata ya tsaya shi ne inda bujin ya fito jiƙe da baƙin mai, shuɗin hayaƙi na fita ta salansa, kik kuma na sauka sakwaf ba tare da turjiya ba. Wannan kam sigiman ne ko sufaf, aikin makanike ne. Haka ma in ka ji ƙarar bugun ƙarfe daga ciki: kashe injin, ka duba man inji, wanda bai wuce kusan lita ɗaya ba. In ka kai shi garaji, faɗa wa makaniken abin da ka riga ka duba, ka tsaya a buɗe a gabanka, kuma ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire.