Rigar Sanyi a Kwarin Rima: Aikinka Ne Zai Zaɓa Maka

Wanda ya san ƙasar Sakkwato da zafi kaɗai, a watan Afrilu ya zo ta. Da zai kwana a Wurno ko Goronyo a tsakiyar Janairu ya fito alwalar Asuba, da ya sake magana. Tun daga ƙarshen Nuwamba iskar hunturu ke fara kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wato busasshen gindin wani tsohon tafki. Iska ce busasshiya ƙayau. Da rana ma'aunin zafi kan haura 30, amma da zarar rana ta faɗi sai zafin da ƙasa ta sha ya tsere sama, domin babu gajimare, babu laimar da za ta tare shi. Kafin asuba ya sauko 15, wani daren ma ƙasa da haka. Iska mai sanyi kuwa ta fi mai ɗumi nauyi, gangarowa take yi ta kwanta a kwari. Shi ya sa ɗarin da ake sha a fadamar Gulbin Rima, ko a bakin Gulbin Sakkwato wajajen Rabah da Gandi, ya fi na wanda ke kwance cikin gari a kan tudu.

A daidai wannan lokacin ne kuma aikin yankin ke kankama. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 don ta riƙe ruwa har kubik mita miliyan 942, ita da madatsar Lugu ta ƙasar Wurno da ɗimbin rijiyoyin fadama, su ne jigon noman rani a nan. Albasa da tafarnuwa da alkama duk sanyi suke so. Manomi ba shi da damar ɓuya a ɗaka har rana ta take, tunda sanyin da ke kaɗa masa haƙora shi ne ke gyara masa amfanin gona. Haka masunci da ke duba komarsa tun da duhu, da ɗan kabu-kabun da zai kai fasinja kasuwar Achida, da makiyayi, da yaron da zai tafi makaranta da sassafe. Dukkansu rigar sanyi suke nema, kuma galibinsu abu guda suke dubawa a wurin ɗan gwanjo: kauri. A ganina nan ne ake fara asarar kuɗi.

Rigar da ta cika tulin gwanjo a 'yan shekarun nan ita ce mai laushin nan, mai gashi-gashi ciki da waje, marar nauyi, wadda masu yin ta ke kiran yadinta filis. Ba ulu ba ce, ba kuma auduga ba. Zaren foliyesta ne, irin robar da ake yin gorar ruwan sha da ita. Wata masaƙa mai suna Malden Mills a jihar Massachusetts ta Amurka ce ta ƙirƙiro yadin tsakanin 1979 da 1981, tare da kamfanin Patagonia mai ɗinka wa mahaya duwatsu tufafi. Mai masaƙar, Aaron Feuerstein, bai yi wa yadin rajistar mallaka ba, saboda haka kowa ya kwaikwaya, farashi ya faɗi. Daga 1993 aka fara narka tsofaffin gorunan roba ana saƙa shi da su. Wannan ne ya sa rigar da aka yi don masu kuɗin da ke hawan duwatsun ƙanƙara ta zama abin da ake zubewa a kan tabarma a kasuwannin ƙauye, bayan ta biyo dila ta Ƙofar Wambai a Kano ko ta kasuwannin Sakkwato.

Kafin a je ga zaɓi, akwai abu ɗaya da ya kamata a gane. Babu rigar da ke samar da ɗumi. Jikin mutum ne murhun, yana riƙe da zafinsa a wajen 37, kuma idan ya sauko ƙasa da 35 an shiga haɗari. Aikin riga shi ne ta kama iskar da jiki ya riga ya ɗumama ta hana ta tafiya, domin iskar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta saurin wuce da zafi. Dubi kaza da safiyar hunturu, yadda take kumbura gashinta: ba ƙarin gashi ta samu ba, iska ta ƙara tarawa a tsakaninsa. Gashi-gashin filis wannan aikin yake yi. Saboda haka duk abin da zai kori iskar nan maƙiyin mai riga ne, kuma abubuwan biyu ne: ruwa da kaɗawar iska. Filis gwani ne a wajen na farko, rago a wajen na biyu.

Mu fara da ruwa, domin a nan ne yake da ranarsa. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi daga jiki kusan sau 25. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne da fata, kuma a busasshiyar iskar hunturu ruwan na tashi da sauri yana tafiya da zafin jiki. Zaren foliyesta kuwa abin da yake sha bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Idan ya jiƙe, a matse a karkaɗe, gashin ya sake miƙewa, kafin wani lokaci ya bushe. Ga mai ban ruwa da ke jan tiyo daga inji yana buɗe fangali da hannu, ko masuncin da ruwa ke fallatso wa a jirgi, ban san wata riga mai arha da ta kai ta ba. Sai dai a kula da abin da ke ƙarƙashinta. Idan singiletin auduga ya jiƙe da gumi ko ruwa, rigar sama ba za ta cece ka ba. Irin rigunan 'yan ƙwallon nan masu santsi sun fi dacewa a ciki ga mai aikin ruwa. Shi kuma mai aikin ƙarfi kada ya ɗauki mai kauri sosai, domin gumi zai yi, gumin kuma ya huce a jikinsa da ya tsaya hutawa. Ya nemi mai zif har ƙasa, wadda zai zuge idan jiki ya ɗau zafi, ya cire gaba ɗaya idan hantsi ya dubi ludayi.

Masu yin yadin suna auna kaurinsa da nauyin giram a kowane murabba'in mita, kuma matakan da aka fi sani su ne 100 da 200 da 300. Na 100 siriri ne, na sawa a ƙarƙashin wata riga ko na mai aikin gumi. Na 300 an yi shi ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa, a wurinmu sai mai gadi ko tsohon da ke zaune ba motsi. Na tsakiya shi ya fi dacewa da yawancin mutanen yankin nan. A gwanjo da wuya ka tarar da lambar a rubuce, hannu ne zai gaya maka.

Ɗan kabu-kabu shi ne wanda aka fi cuta da wannan riga. Ya ga kauri da laushi ya saya, ya hau hanyar Wurno zuwa Sakkwato da asuba, bai kai Achida ba ƙirjinsa ya ƙandare. Dalili kuwa saƙar filis a buɗe take, iska na ratsa ta kai tsaye ta share ɗumin da ke ciki. Lissafin masana yanayi ya nuna cewa idan ma'auni na kan 10, mutum kuma yana keta iska da gudun kilomita 50 a awa, fatarsa za ta ji kamar ana 5 ko 6. Maganin ba ƙarin kauri ba ne. Riga biyu yake bukata: filis matsakaici a ciki, a samansa kuma jaket mai santsi irin ta leda, ko da siririya ce, ko da rigar ruwan damina ce. Ta ciki ta tara ɗumi, ta waje ta tare iska. Kuɗin da zai sayi ƙatuwar riga ɗaya, gara ya raba shi biyu. Gwaji kuma ba wuya: kara yadin a bakinka ka hura, ka sa tafin hannu a bayansa. Idan numfashinka ya iso hannun, to iskar hanya ma za ta iso ƙirjinka.

A nan dole in yaba wa magabata. Tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗin Wurno, inda aka rufe shi a 1837, mutanen wannan kwari suke fama da ɗarin nan, kuma dabararsu ita ce wadda kimiyya ta tabbatar: riga a kan riga, gwado a kafaɗa, rawani a ka. Taguwa da 'yar shara da babbar riga, kowace tana kama iska a tsakaninta da 'yar'uwarta. Rawani kuma yana yin abin da babu jaket ɗin da ke yi, ya rufe kunne da wuya, ya tace ƙura daga hanci da baki. Matashin da ya sayi rigar zamani ya bar kai da wuya da ƙafa a buɗe, kakansa ya fi shi sanin hunturu. Hular sanyi da safa ba su kai kwatar kuɗin riga ba, amma ga jariri musamman, wanda kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa, hular ta zama tilas.

Idan ka tsuguna gaban tulin gwanjo, ɗaga rigar ka duba ta a hasken rana. Inda haske ya keto sosai, galibi gwiwar hannu da kafaɗa da baya, gashin ya riga ya kwanta ko ya zube, ɗumin wurin ya ƙare. Matse ta a hannu ka saki. Mai sauran rai za ta taso. Wadda gashinta ya dunƙule ƙulu-ƙulu ta tsufa. Ja zif sama da ƙasa, domin gyaransa kan kusa kuɗin rigar. Duba wuya ko yana tashi ya rufe maƙogwaro, bakin hannu da ƙugu kuma su kama jiki, kada iska ta samu ƙofa. Girmanta ya zama daidai: matsattsiya ba ta bar wa iska wuri ba, burmemiya kuma ta bar mata hanya. A wanke ta kafin a sa, da ruwan sanyi, a shanya ta a juye. Kada a kai ta wurin mai guga, dutsen guga narka ta zai yi. Tana kuma kwasar ƙura da ƙaiƙayi da ƙarangiya, don haka mai asma ya riƙa karkaɗe ta a waje yana yawan wanke ta.

Masu raba kayan sanyi sadaka su ma su yi wannan duban. Akwai almajirai da ke kwana a zaure, akwai iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, irin waɗanda suka taru a Gandi bayan harin Tabanni na 2018. Mai kwana a ƙasa, ƙasar ce ke fara zuƙe masa zafi, don haka tabarma mai kauri ko katifa da bargo sun fi masa jaket ta biyu amfani.

Abin da ya fi damuna game da wannan riga shi ne wuta, kuma shi ne abin da ban taɓa jin ɗan kasuwa ya faɗa wa mai saye ba. Hunturu lokacin jin ɗumi ne. Yara na kewaye wutar kara da sassafe, almajirai na karatu a bakin wuta, mata na durƙushe gaban murhu, tsofaffi na da kaskon gawayi a gefe. Foliyesta roba ce, tana narkewa a zafin wajen 250, harshen wutar itace kuwa ya ninka haka. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta. Idan ta kama, narkewa take yi tana ɗiga, ta manne da fata tana ci gaba da ƙona ta ko bayan wutar ta mutu, shi ya sa ƙunarta ke yin zurfi. Kada a ɗauka auduga ba ta ci. Siririyar atamfa da mayafi suna kamawa da sauri ƙwarai, sai dai toka suke zama, ba sa mannewa. Ulu na gaske ne ke da wuyar kamawa, wutarsa ma takan mutu da kanta. Saboda haka idan ka ci karo da suwaitar ulu a gwanjo, wadda ake ganewa da ɗan kaushinta da nauyinta, ka ɗaukar wa ƙaramin yaro ko mai girki ko mai shayi ko mai tsire, ko da ta fi tsada. Idan filis kaɗai ake da shi, to mai girki ta cire shi kafin ta hura wuta, ko aƙalla ta naɗe hannuwansa, yaro kuma kada a bar shi da shi a bakin wuta ba babba a kusa.

Idan tsautsayi ya auku, kada mai rigar ya ruga, gudu rura wutar yake yi. A kwantar da shi ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da gwado mai kauri, ko a kwara ruwa. Sannan a yi ta zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi daidai, a kan ƙunar har minti 20, sauran jikin kuma a rufe shi don kada sanyi ya kama mai ƙunar. Abin da ya manne da fata kada a fizge shi, a yanke kewayensa da almakashi a bar wa ma'aikatan lafiya. Ban da ƙwai, ban da makilin, ban da manja ko gishiri ko toka. A rufe wurin da tsumma mai tsabta a nufi asibiti mafi kusa. Ƙunar da ta taɓa fuska ko hannu ko gaɓa ko al'aura, ko ta fi tafin hannun mai ita faɗi, musamman a jikin yaro, ba ta jinyar gida ba ce, kuma idan ma'aikatan asibitin suka ce a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a wuce a ranar, kada a jira gobe.