Sandar ƙarfen da aka manta da ita a ƙirjin yaro

Watan jiya na je gaishe da wata ƙanwar mahaifiyata, na tarar ɗanta mai shekara 19 zaune babu riga, yana sosa gefen haƙarƙarinsa, daidai tabon tiyata. Fatar wurin ta yi ja, ƙuraje sun jeru kamar an yayyafa gero. Na ce, "Inna, yaushe aka cire masa ƙarfen nan?" Ta ce, "Ai yana nan, tunda ƙirjin ya miƙe sai muka bar shi." Shekara biyar ke nan!

An haifi yaron da ƙirji mai rami, wato ƙashin tsakiyar ƙirji ya lotsa ciki, larurar da ta fi yawa a maza. Aka kai shi ƙasar waje aka yi masa aikin da likita Donald Nuss ya fara a 1987 a Norfolk ta Amurka: a tura lanƙwasasshiyar sanda ta bayan ƙashin, a juya ta, ta turo shi waje. Aiki ne mai kyau, kuma yawancin yara suna gamawa lafiya. Amma sandar baƙuwa ce, zamanta shekara biyu zuwa uku ne, wani lokaci huɗu, sannan a fitar da ita.

Galibi da ƙarfe marar tsatsa ake ƙera ta, wanda kusan kashi 18 cikin ɗari nasa kuromiyam ne, kusan kashi 14 kuma nikel. Ƙirji kuwa ba ya hutawa. Mutum yana numfashi sama da sau dubu 20 a rana, kowane numfashi sandar na gogar ɗan ƙarfen da aka ɗaure ta da shi a gefe. Gugar nan tana zubar da garin ƙarfe a naman da ke kewaye, wani ya narke ya shiga jini. Binciken da aka yi a Ostireliya da Jamus ya nuna kuromiyam da nikel suna ƙaruwa a jinin masu ɗauke da sandar. Muddin tana ciki, zubar ba ta tsayawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, tun yana firamare yaron nan ba ya iya ɗaura agogon ƙarfe, sai wuyan hannunsa ya yi ƙuraje. Ita kanta Inna ɗan kunnen da ba zinariya ba kumbura mata kunne yake yi. Wannan babbar alama ce ta jikin da ba ya shiri da nikel, amma babu wanda ya ga ya kai abin faɗa wa likita. Da an faɗa, da an manna masa gwaji a fatar baya na kwana biyu, in ya tabbata a saka masa sandar taitaniyam. Magana ɗaya tak, aka haɗiye ta.

Da ƙurajen suka fito kuma, sai kemis. Wata uku ana ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana shafa man zafi, wata maƙwabciya har ta kawo jiƙo. Rashin jituwa da ƙarfe yakan zo da ƙaiƙayi, zazzaɓi, ciwon wurin, ko taruwar ruwa a gefen huhu, shi ya sa ake ɗaukarsa ruɓewar ciwo. Likita ne kaɗai zai bambance su.

Na tambayi takardun asibitin, aka ce sun ɓace wajen tashi daga tsohon gida. Haba jama'a! Takardar fili ana ɓoye ta a ƙasan akwati, amma wadda ke ɗauke da irin ƙarfen da ke kwance kusa da zuciyar ɗanka, da adadin sandunan, da ranar cirewa, sai a bar ta ga ɓeraye? Duk wanda za a yi wa ɗansa wannan aiki, ya sa a rubuta masa waɗannan uku, ya ɗauki hotonsu a waya, kuma ya fara tara kuɗin tiyata ta biyu tun ranar sallama.

Shi dai yaron mun kai shi wurin likitan tiyatar ƙirji a asibitin koyarwa, an ɗauki hoto da jini, an ba shi rana bayan Sallah.