Kafin ka ce "a haɗa min magani"

Yawancinmu matasa, da jiki ya yi zafi sai kemis: "Malam, a haɗa min na maleriya da taifod." Alhali ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, gwajin jinin yatsa na minti 15 zuwa 20 kan raba gardama.

Nan ne amfanin famasis, masanin magunguna da ya yi aƙalla shekara 5 a jami'a, kuma hukumar PCN ta yi masa rajista. Shi zai gaya maka yawancin maganin mura akwai farasitamol a ciki, in ka ɗora Panadol a kai, hanta ce za ta ji jiki. Mai olsa kuma ya kiyayi ibuprofen.

Ka tafi masa da kwalin duk maganin da kake sha. In ciwon ya fi ƙarfinsa, asibiti zai tura ka.